Babi na Shida: Wasiyyar Sadaka da Harajin Kuɗin Shiga a Ƙasar Amurka

Mas'alar da ke gabanmu a wannan babi ita ce ta mutumin da Allah ya hore wa abin hannu a ƙasar Amurka, ya kuma ƙudura a ransa cewa idan wa'adinsa ya cika a fitar da wani kaso daga dukiyarsa a ba masallaci, ko makaranta, ko asibiti, ko gidan marayu, domin ya zame masa sadaka mai gudana bayan ayyukansa sun yanke. Galibin mutane, har da waɗanda suka daɗe a ƙasar suna cika takardun haraji kowace shekara, suna zaton cewa tun da hukuma tana yi wa mai rai rangwame a kan abin da ya bayar sadaka, lalle haka za ta yi wa mamaci, har ma da ƙari, tun da shi ya bayar ne a ranar da ba shi da sauran muradin duniya. Wannan zato rabinsa gaskiya ne, rabinsa kuwa kuskure ne da yakan ci wa magada dubban daloli, kuma asalin kuskuren shi ne haɗa haraji biyu mabambanta a ɗauke su abu guda.

Haraji biyu a kan dukiya ɗaya

Na farko shi ne harajin gado, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a shekarar 1916, wanda kuma ake ɗora shi sau ɗaya tak a kan jimillar abin da mutum ya mutu ya bari. Na biyu shi ne harajin kuɗin shiga, wanda ya tabbata a shekarar 1913 bayan an yi wa tsarin mulkin ƙasar gyara na goma sha shida, shi kuwa a kan abin da aka samu cikin shekara yake hawa, ko albashi ne, ko kuɗin haya, ko ribar hannun jari. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, haraji ya yi tashin da ba a saba gani ba, sai aka ji tsoron kada attajiran da ke riƙe da jami'o'i da asibitoci su janye hannunsu. Saboda haka a 1917 aka yarje wa mai rai ya cire sadakarsa daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, sa'an nan dokar kuɗin shiga ta 1918 ta miƙa irin wannan sassauci ga harajin gado.

A ɓangaren harajin gado hukuncin a sarari yake, ba ya bukatar dogon ijtihadi. Sashe na 2055 na kundin dokokin haraji ya ba da izinin a cire duk abin da aka yi wasiyyarsa ga aikin addini, ko ilmi, ko taimakon mabukata, ba tare da iyaka ba, ta yadda mai dukiyar da ya bar komai nasa ga sadaka ba za a karɓi ko sisin kwabo na harajin gado a kansa ba, alhali da ya bar wa 'ya'yansa sai a karɓi arba'in cikin ɗari na abin da ya haura haddi. Sai dai wannan haddi ya yi nisa ƙwarai da talaka da ma mai matsakaicin hali, domin a shekarar 2025 sai dukiya ta haura dala miliyan 13.99 kafin harajin ya taɓa ta, daga 2026 kuwa an ɗaga shi zuwa dala miliyan 15. Ma'anar haka ita ce, direban tasi a Nuyok, da ma'aikaciyar jinya a Hustan, da ma likitan da ya mallaki gida biyu, wannan babban rangwame bai amfane su da komai ba, gama an yafe musu abin da tun asali ba a bin su. Abin da ya shafe su da gaske shi ne haraji na biyu, kuma a nan ne ƙofar take da ƙunci.

Dukiyar mamaci tana biyan haraji da sunanta

Daga ranar da mutum ya cika, lissafin harajinsa yakan rabu gida biyu. Abin da ya samu tun farkon shekara zuwa ranar rasuwarsa ana shigar da shi a takardarsa ta ƙarshe, kuma sadakar da ya bayar da hannunsa yana raye a nan ake cire ta. Amma wasiyya ba ta da gurbi a wannan takarda, domin bayan ransa aka zartar da ita. Abin da dukiyar ta haifar bayan rasuwa kuwa, tun daga ranar jana'iza har ranar da aka gama rabo, wanda a kotunan Amurka yakan ɗauki shekara guda ko fiye, doka tana ɗaukarsa samun wani mahaluƙi dabam, watau dukiyar kanta, wadda ake ba ta lambarta ta haraji, wasiyyi kuma ya cika mata takarda mai lamba 1041 muddin abin da ta samu cikin shekara ya kai dala 600. Kuma hukuma ba ta sassauta mata ba ko kaɗan: a shekarar 2025 mutum marar aure sai samunsa ya haura dala 626,350 kafin ya shiga matakin ƙoli na 37 cikin ɗari, amma dukiyar mamaci da zarar ta haura dala 15,650 ta shiga wannan mataki.

Wanda ya taɓa ganin rabon gadon makiyayi zai fahimci ƙa'idar nan da nan. Shanun da mutum ya mutu ya bari a garke su ne asali. Maruƙan da aka haifa da nonon da aka tatsa tsakanin rasuwa da rabo su ne amfani. Harajin gado a kan asali yake, harajin kuɗin shiga a kan amfani yake, kuma wanda ya yi wasiyya da saniya daga cikin garken bai rage wa amfanin komai ba, don haka ba shi da hujjar neman a rage masa harajin amfani. Wannan ita ce illar hukuncin gaba ɗayansa, sauran duka rassa ne.

Sharuɗɗa uku

Sashe na 642(c) shi ne ya buɗe wa dukiyar mamaci ƙofar rangwame a harajin kuɗin shiga, kuma ta wata fuska ya fi ƙofar mai rai faɗi, domin mai rai ba ya cire sadakar tsabar kuɗi fiye da 60 cikin ɗari na samunsa a shekara, alhali ita dukiyar ba a ɗaure ta da irin wannan kaso ba. Amma an gindaya sharuɗɗa uku waɗanda idan ɗaya ya faɗi duka sun faɗi.

Sharaɗi na farko, sai sadakar ta kasance an bayar da ita bisa nassin wasiyyar. Kotun Ƙoli ta Amurka ta yi wa wannan sharaɗi tafsiri mai sauƙi a shekarar 1937, a shari'ar kamfanin amana na Old Colony, inda ta yanke cewa ba lalle ne takardar ta tilasta bayarwa ba, ya isa a ce ta ba masu riƙon amanar izini. Amma izinin kansa ba makawa sai an same shi a rubuce. Mutumin da ya mutu bai bar wasiyya ba, ko ya bari amma bai ambaci sadaka ba, sa'an nan magadansa suka taru, bisa kyakkyawar al'adarmu, suka ce a gina rijiya ko a sayi littattafai a kai makaranta Allah ya kai ladan kabarinsa, to wannan a idon doka kyautar magada ce daga rabonsu, su ne za su nemi rangwamenta a takardunsu in sun cika sharuɗɗan mai rai, dukiyar kuwa ba ta da abin cirewa. Haka nan maganar da majinyaci ya yi wa babban ɗansa da baki a gadon asibiti, ko da amana ce mai nauyi a wuyan ɗan a gaban Allah, jami'in haraji ba ya karanta abin da ba a rubuta ba.

Sharaɗi na biyu, sai kuɗin ya fito daga samun da haraji ke hawa kansa. A nan ne mafi yawan wasiyyoyi suke tuntuɓe, domin lafazin da ya fi zuwa bakin kowa shi ne a ce a ba wuri kaza dala dubu hamsin, ko a ba shi gida kaza, kuma wannan wasiyya ce da asali. Wasiyyi zai biya ta, ƙungiyar za ta karɓa, amma ba za a cire ta daga kuɗin hayar da gidajen mamacin suka kawo a wannan shekara ba, ko da daga asusu ɗaya aka rubuta cakin. Da mai wasiyya ya rubuta cewa abin da dukiyarsa ta haifar a lokacin da ake jiran rabo a ba ƙungiyar, ko ya sanya ƙungiyar ta zama mai karɓar ragowar dukiya bayan an fitar da sauran haƙƙoƙi, ta yadda amfanin zai bi ragowar zuwa gare ta, da hukuncin ya sauya. Kuma idan wani sashe na samun tun asali an yafe masa haraji, kamar kuɗin ruwan takardun bashin jihohi da birane, to gwargwadon wannan sashe ba a cirewa, don kada a ci rangwame sau biyu a kan abu guda. Masu dabara sun daɗe suna rubuta cewa a fara biyan sadaka daga nau'in samun da harajinsa ya fi tsanani. Sai Ma'aikatar Baitulmali ta fitar da ƙa'ida a 2012 cewa ba za a kula da irin wannan jeri ba sai idan yana sauya ainihin abin da masu karɓa za su samu, in ba haka ba sai a raba sadakar a kan dukkan nau'o'in samu daidai gwargwado.

Sharaɗi na uku, sai an biya kuɗin, ko kuwa an keɓe shi keɓewa ta dindindin domin sadaka. Game da biya, doka ta yi sassauci guda mai amfani, watau wasiyyi yana iya zaɓar a lissafa abin da ya biya a bana kamar a bara ya biya shi. Game da keɓewa kuwa, tun bayan gyaran dokar haraji na 1969 an hana sababbin asusun amana wannan dama, aka bar ta ga dukiyar mamaci, bisa sharaɗin cewa yiwuwar kuɗin ya karkata zuwa wata hanya ta zama mai nisan da ba a kula da irinta.

Yadda wannan sharaɗi yake da kaifi ya bayyana a wata shari'a da Kotun Haraji ta yanke a shekarar 2015. Wata mata mutuniyar jihar Ohayo ta rasu a 2007, ta bar ragowar dukiyarta ga wata gidauniyar taimako ta Yahudawa a birnin Kolombos, kuma cikin abin da dukiyar ta karɓa akwai kuɗin fansho fiye da dala dubu ɗari biyu daga asusun malaman makaranta na jihar. Wasiyyi ya nemi a cire mafi yawan wannan kuɗi, yana mai cewa an keɓe shi domin gidauniyar. Amma ɗan'uwan marigayiyar, wanda ke zaune a wani gidanta a Santa Monika ta jihar Kalifoniya, ya riga ya tayar da da'awar cewa yana da haƙƙin zama cikin gidan iyakar ransa, rigima ta kai kotu, kuɗin lauyoyi kuma suka fara cin abin da aka ce an keɓe. Kotun Haraji ta hana rangwamen, hujjarta kuwa ita ce a lokacin da aka cika takardar an riga an san da husumar, don haka ba za a ce yiwuwar taɓa kuɗin mai nisa ce ba. Niyyar marigayiyar ba wanda ya yi shakkarta, nassin wasiyyarta ma lafiyayye ne, amma husuma tsakanin dangi ta isa ta rushe sharaɗin.

Wace dukiya za a ba wa

Tun da an fahimci cewa wasiyya da asali ba ta kawo rangwame, sai mai hankali ya juya tambayar, ya daina cewa nawa zan bayar kawai, ya ƙara da cewa daga wace dukiya zan bayar, domin dukiyoyin da mutum ke bari ba ɗaya suke ba a ma'aunin haraji. Gida da fili da hannun jari suna da wata falala a ƙarƙashin sashe na 1014, watau ranar rasuwa ake sabunta ƙimarsu, ta yadda hannun jarin da uba ya saya dala 20,000, ya mutu yana da darajar dala 100,000, idan ɗansa ya sayar a kan wannan farashi ba a binsa harajin riba ko kaɗan. Amma asusun ritaya na gargajiya, irin wanda ake kira IRA ko 401(k), wanda aka tara shi da kuɗin da ba a cire musu haraji ba tun farko, ba shi da wannan falala. Sashe na 691 ya ɗauke shi samun mamaci da bai karɓa ba, kuma duk wanda ya gaje shi ya gaji harajinsa tare da shi. Tun bayan dokar 2019 da ake kira SECURE, galibin magadan da ba miji ko mata ba wajibi ne su kwashe asusun cikin shekara goma, abin da kan tura su zuwa matakin haraji mafi tsanani daidai lokacin da su ma suke tsakiyar neman kansu.

Bari mu ƙaddara mutum ya bar hannun jari na dala 100,000 da asusun ritaya na dala 100,000, yana nufin ɗaya ya tafi ga masallacin unguwarsu, ɗaya ga 'ya'yansa. Idan ya ba masallaci hannun jarin, 'ya'ya suka ɗauki asusun ritaya, kuma mu ƙaddara suna matakin 24 cikin ɗari, to dala 24,000 ta tafi baitulmalin gwamnati, suka tsira da 76,000. Idan kuwa ya juya rabon, ya rubuta sunan masallacin a takardar magajin asusun ritaya, masallaci zai karɓi dala 100,000 cif, domin wuraren ibada da ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji ba sa biya a kan irin wannan, 'ya'ya kuma su karɓi hannun jarin da aka sabunta ƙimarsa su sayar ba tare da haraji ba. Sadaka ɗaya ce, adadi ɗaya ne, lada kuma muna fata ɗaya ne, amma bambancin dala 24,000 ya rataya ne a kan layi guda na takardar da kamfanin ajiya yake bayarwa kyauta.

Inda mas'alar ta haɗu da mirasi

Musulmin da ke zaune a Amurka yana tsakanin ma'auni biyu, kuma wajibi ne ya san inda suka saɓa. Dokar ƙasar ta bar mutum ya yi wasiyya da kusan duk abin da ya mallaka, in ban da kason da mafi yawan jihohi suka tsare wa miji ko mata. Shari'a kuwa ta tsayar da wasiyya a sulusi, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi, abin da ya haura sulusi kuma sai da yardar magada. Wurin da mutane ke zamewa ba da gangan ba shi ne, asusun ritaya da inshorar rai ba sa bi ta cikin wasiyya, kai tsaye suke tafiya ga wanda aka rubuta sunansa a takardar kamfani, ko da wasiyyar ta faɗi saɓanin haka. Saboda haka wanda ya rubuta sulusi ga sadaka a wasiyyarsa, sa'an nan ya bi shawarar da ta gabata ya ba masallaci asusun ritayarsa ba tare da ya haɗa lissafin biyu ba, yana iya ƙetare sulusin ya shiga haƙƙin marayunsa alhali yana zaton alheri yake yi. Kuma ya sani cewa a asusun 401(k) dokar tarayya ba ta yarda mai aure ya rubuta sunan wani ba sai matarsa, ko mijinta, ta amince a rubuce.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi mutanenmu musamman, waɗanda zukatansu ke rataye da wata Islamiyya a Kano, ko asibiti a Damagaram, ko masallacin zango a Kumasi. Mai rai a Amurka idan ya aika sadakarsa kai tsaye ga ƙungiyar wata ƙasa, a bisa asalin hukunci ba a cire masa, domin an sharɗanta ƙungiyar ta kasance an kafa ta a cikin Amurka, in ban da 'yan ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su kamar Kanada da Meziko da Isra'ila. Amma wannan sharaɗi bai hau kan dukiyar ɗan ƙasa ko mazaunin ƙasa da ya rasu ba, a sashe na 2055 ko na 642(c), muddin wurin da aka ba ya keɓanta ga addini ko ilmi ko taimako, ba ya kuma azurta wani mutum ayyananne. Wanda ya rubuta a ba ƙanensa kuɗi ya raba wa mabukata yadda ya ga dama, ba tare da ɗaure shi da amana a rubuce ba, ya jefa wasiyyinsa cikin wahalar kafa hujja. Wanda ya ambaci makarantar da cikakken sunanta na rajista da manufarta ya sauƙaƙa wa kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan tsari shi ne hukuncin ƙasashen Turawa baki ɗaya, domin kowace ƙasa da mazhabarta. A Kanada, tun daga 2016, ana iya mayar da sadakar wasiyya a lissafa ta a takardar mamaci ta ƙarshe ko ta shekarar da ta gabace ta, abin da Amurka ba ta yarda da shi ba. A Ingila kuwa, tun daga Afrilun 2012, wanda ya bar wa sadaka ushirin abin da haraji ke hawa kansa, ana sauko masa da harajin gado daga 40 zuwa 36 cikin ɗari. Fatawar da aka ji daga ɗan'uwa a Toronto ko Landan ba ta aiki a Shikago.

Abin da ya wajaba ga mai dukiya, tun yana da lafiyarsa da hankalinsa, shi ne ya zaunar da malami masanin mirasi da lauya masanin harajin jiharsa a kan lissafi guda, ya jera duk abin da ya mallaka, wanda ke bi ta wasiyya da wanda ba ya bi, ya fitar da sulusinsa daga jimillar, ya ɗora sadakar a kan dukiyar da harajinta ya fi nauyi, ya kuma ba wasiyyinsa izini bayyananne na biyan sadaka daga samun dukiyar, sa'an nan ya sanar da iyalinsa abin da ya yi don kada husuma ta cinye abin da ya keɓe. Wanda ya yi haka bai rage wa masallaci komai ba, bai zalunci hukuma ba tun da ƙofar da ta buɗe da kanta ya bi, ya kuma bar wa magadansa haƙƙinsu cikakke. A babi na gaba za mu duba hukuncin wanda yake son a haɗa biyun a dukiya ɗaya, watau iyalinsa su ci amfaninta iyakar ransu, asalin kuma ya koma ga sadaka a bayansu, da yadda wannan ya yi kama da wakafi da kuma inda ya saɓa masa.